Rigar da Ba a Ninka Ba

Litinin, 5 ga Mayu, da hantsi

Jiya ma kasuwa ta ci ba ni. Ina kwance gindin iccen bedi ina jin motocin Bonkuku suna wucewa, har ina gane kowace daga tarinta.

Ummul, autata, ita ta sayo mini wanga kaye, littafin rubutu, a Yamai, wai lokotoron asibiti ya ce rubutu shina motsa hannu. Ƙarya take. So take in sami wurin zuba surutu in bar mata kunnenta. To, na yi lakwal har aji shida, ba za a ce kuɗin alli ya tafi banza ba.

Lafiya lau nake. Ina ci, ina sha, wurin ya kame, an zare zare tun watan jiya. Abin da na shayar da ɗiya biyar da shi, na hagun ya zauna Yamai, na daman ya biyo ni gida. Magana ta ƙare, ba ni ƙara ta.

Ga abin da ya dame ni. Tun ina da jajayen sawu nake sai da atamfa a kasuwar Filinge, kuma ban taɓa kiran mai saye ba, jikina ke kira. Duk sabon zane in ya zo, sai in yanki falle in ɗinka riga da hannuna, in sa ta ran Lahadi in zauna. Mata su gani a jikin Abu, su ce a yanko musu irinsa. Tela bai taɓa zagaya ni da metir na awo ba, Allah shi kiyaye.

Ran da anka sallame ni na sa mai taksi ya bi da mu ta babbar kasuwa. Ummul ta ce, "Inna, da roba rataye a jikinki?" Na ce roba ba ta hana ido gani. Na sami wani kore shar mai ɗigo-ɗigo awa ƙwan zabo, babu mai shi duk ƙasar Kurfai. Ga shi can ɗaki a ɗaure, ko suna ban sa mishi ba, alhali zane marar suna ba shi tafiya. Layya ta matso. Daga Lahadin 25 teloli sun rufe karɓar ɗinkin Sallah. In ban zauna da shi a jikina kafin nan ba, sai dai in yi ta kallonsa har badi.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Na buɗe keken ɗinki. Alhamdu lillahi na ƙafa ne, don hannun hagu har yanzu ba shi wuce kunne.

Na yi yadda Innata ta koya mini, yadda na yi sau dubu. Ki ninka zane biyu, ki shimfiɗa tsohuwar rigarki bisa, ki zana da guntun sabulu, ki sa almakashi sau ɗaya, dama da hagu su fito tagwaye. Shuɗiyar rigata ta gwadi har ta koɗe don wanga aiki. Ina yanka koren zanen ina waƙa. Kafin azahar riga ta tashi, hannu mai faɗi, wuya zagaye.

Na rufe ƙofa na sa.

Dama ta cika wurinta awa kullum. Hagu ta zube awa buhun da ɓera ya gama da shi, wuyan kuma ya buɗe baki ta nan gefen, duk mai tsawo sai shi leƙa. Ɗinki dai ba laifi, ko ni na yaba. Rigar wata mata ce da na sani.

Laraba, 7 ga Mayu, azahar

Zafi. Ban buɗe keke ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, da marece

Na farke tsohon matashin kai na ciro auduga, na ɗinka mata 'yar jaka da ƙyalle, na cusa cikin sutiyan, rigar mama. Madubi ya ce ba laifi. Na ɗauki tsintsiya don in gwada.

Ina duƙe ina shara Malam, maigidana, ya shigo daga sharar gona. Ya tsaya, ya jingine gatari, ya yi gyaran murya.

"Zainabu, wani abu ya hau miki kafaɗa."

Na duba. Auduga ta yi tafiyarta, ta zo ta zauna gindin wuyana.

Na ce, "Aku ne, na sayo Yamai."

Ya ce, "Allah shi sa bebe ne. Gidan ga bai rasa mai magana ba."

Na yi dariya har wurin ya ja ni, na dafa bango. Shi ma ya yi, amma shina kallon ƙasa. Bai gani ba tukuna. Ban nuna ba, bai tambaya ba. Shi ke ɗauko mini tulu yanzu, kuma kullum sai ya yi kamar hanya ce ta biyo da shi.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi

Laifin auduga ba ta da nauyi. Mai kasuwa bai kamata a ce ta manta da wannan ba.

Gero shi ne magani. Shina zuba, shina kwanciya, shina bin jiki. Amma na cin da muke saye yanzu duk ƙura ne da tsakuwa. Mai kyau ɗaya ne cikin gidan ga, irin shukar Malam, wanda ya zaɓi zangarniyarsa ɗaya-ɗaya da kaka, ya sussuka, ya zuba cikin tulu da toka ya liƙe baki. Kwanan ga ma shi ne zancensa. Wai ruwan ƙarshen bara ya taɓa rumbu, bai sani ba ko irin zai tsira, ko shi je shi sayo na kasuwa wanda bai san asalinsa ba.

Ya tafi masallaci, na ɓamɓare bakin tulu. Na tallabi na daman da tafin hannu ɗaya, na riƙa zuba gero a ɗayan har sunka yi kai ɗaya. Ludayi biyu da ɗan gyara, na zuba cikin 'yar jakar. Ba yabon kai ba.

Na sa. Ya zauna awa an haife ni da shi. Na yi shara, na yi ruku'u, na tafi har gidan maƙwabta na aro rariyar da ba ni bukata. Ba wadda ta kalli inda bai kamata ba. Na dawo ina taku irin na da.

Lahadi, 11 ga Mayu, da safe

Na sa koriyar riga. Na ɗaura kallabi. Na tuɓe. Lahadi ai ba ta ƙarewa.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan la'asar

Haske ta zo. 'Yar Damana ce da aure ya kawo Filinge, rumfarta na manne da tawa, ita ma atamfa take saidawa. Mun shekara ashirin muna ƙwace wa juna masu saye muna cin tuwo kwano ɗaya.

Ta kawo kopto, kwaɗon ganye, ya ji ƙuli-ƙuli. Ta zauna ta kalli keke, ta kalli rufin ɗaki, ta kalli akuya ta taga. Ni kaɗai ce ba ta kalla ba daga haɓa zuwa ƙasa.

Ta ce, "Wurinki ina tsare miki shi."

Na ce, "Na ji labari. Har kin shimfiɗa kayanki a kai don kada rana ta ƙona shi."

"In ban shimfiɗa ba wani shi shimfiɗa. Akwai mai sai da robobi daga Bonkuku, tun wancan mako shina zagaye awa angulu. Har wajen sarkin kasuwa ya tafi."

"Mutane mi suke cewa?"

"Suna cewa Allah shi ba ki lafiya."

"Bayan wannan fa?"

Ta gyara mayafi. "Kala suru, Abu."

Sai haƙuri ke nan, da bakinsu. In Haske ta koma Zabarmanci, Hausar ce ta yi mata ɗaci. Wato sun riga sun raba gadona. Na ce ta gaya musu wadda za su binne tana gaishe su, kuma kopto gishiri ya yi yawa. Na cinye shi tas bayan ta fita.

Alhamis, 15 ga Mayu, azahar

Ummul ta kira. An ce in koma asibitin Yamai bayan Sallah, akwai sauran aiki, na ƙarin ruwa. Ta ce wani abu game da gashi. Na ce rezon waya ba shi da kyau.

Lafiya lau nake.

Juma'a, 16 ga Mayu, da marece

Hadari ya taso gabas ya watse. Malam ya shaƙi iska ya ce saura kaɗan. Na yi fura mai kyau yau, ta ji nono da citta.

Lahadi, 18 ga Mayu, bayan azahar

Na fita. A rubuta wannan, na fita.

Riga, gero, mayafi, turare. Na bi ta bayan masallaci. Kafin in kai injin niƙa zufa ta jiƙa jakar, ta yi nauyi, ta fara gurzar tabon awa ana goga mini dutsen wanki. Wannan da sauƙi. Abin da ya fi shi ne hannuna. Taku kaɗan sai in ji shi ya hau ƙirji shina dubawa, ko ta zame, ko ta huje, ko tana nan. Wata tsohuwa ta ce mini ina gajiya, na ce mata suna lafiya.

Na tsaya inuwar injin ina hango rumfuna, ina jin hayaniyar da na fi so duk duniya. Ciniki da kai ake yinsa, da ido, da baki, duka lokaci ɗaya. Wadda rabin hankalinta ke wajen ludayi biyu na gero, 'yar ƙauye ma sai ta yi mata wayo. Na juyo.

Jakar tana tsami. Na ɗauraye ta na jefa bayan randa. Na kwanta.

Talata, 20 ga Mayu, da hantsi

Na yi wa akuya faɗa, ba ta yi komi ba. Saura Lahadi ɗaya.

Laraba, 21 ga Mayu, bayan asuba

Malam ya je ɗibar ruwan alwala, na ji ya ce, "La ilaha illallahu." Na ce kunama ce. Sai ga shi ya shigo ɗauke da jakata a tafin hannu, awa mai ɗauke da ɗan tsako.

Ta tsira. Laimar randa ta kama ta, fararen saiwoyi sun huda ƙyallen ta ko'ina, wasu har sun fara kore. Ta yi gashi awa bushiya.

Ya ce, "Wanga geron ina ne?"

Na ce, "Na wani bawan Allah ne da bai iya liƙe tulu ba."

"Na ga an taɓa bakin. Na ce ko ɓera ne."

"Ɓera ne. Babba, mai kallabi."

Ya zauna bakin gado ya farke jakar a hankali, ya baza tsiron bisa faifai, shina juya su da yatsa. Fuskarsa ta washe awa an yi mishi albishir da ɗa namiji.

"Zainabu, dubi. Da wuya ki ga wanda bai fito ba. Irin nan lafiyarsa lau! Da na je na zubar da kuɗi kasuwa."

Na ce, "To ka biya ni ladan gwaji."

Sai da ya gama murna ya tsaya ya dubi jakar, ya dubi girmanta, ya gane ko ta mi ce.   Can ya ce, idonsa na kan faifai, "Da nauyi haka kike yawo da zafin ga?"

Na ce don riga ta zauna.

Ya ce, "Ni ban san ɗinki ba. Amma na ɗauka riga ake yi wa mutum."

Na ce shi tafi rana na yi mishi. Ya kwashi tsironsa ya dasa su inda ruwan wanke-wanke ke bi.

Alhamis, 22 ga Mayu, da marece

Yau doguwa ce, bari in zauna sosai.

Na kwana da sanin abin da ya kamata. Shuɗiyar riga ta gama aikinta. Sai an zana a jikina, yadda yake yanzu. Amma hannun ga ba shi kai wa hammata, kuma mutum ba shi zana kansa ko da hannu biyu. Ummul na Yamai. Tela, Allah shi kiyaye.

Na aika wa Haske vokal, saƙon murya ta waya. Na ce ta zo da almakashinta, nawa ya dakushe. Ta zo da hantsi, ta ɗauki nawa ta gwada a ƙyalle, ya wuce awa ruwa. Ta aje shi, ta tura ƙofa da ƙafa.

Na ce, "In kinka yi mini kuka, na rantse sai na faɗa wa kasuwa inda kike sayen lesinki."

Ta ce, "Tuɓe, ina da aiki."

Na tuɓe. Ina kallon rufin ɗaki, nan inda ta kalla rannan. Akwai gidan zanzaro ashe. Na ji ta matso, na ji numfashinta. Ta daɗe.

Sai ta ce, "Wa ya yi wanga ɗinki?"

Na ce lokotoro ne, babba.

"Babba? Dubi layin, ya fara daidai ya karkace wajen hammata. Ga tattara nan inda ba a sa shi ba. Da ɗan koyona ne da ya sha rankwashi. Ke da kike gardama kan zare ɗaya, kinka kwanta anka yi miki wanga aiki ba ki ce komi ba?"

Na ce, "Barci nake, 'yar Damana."

"Shi ya sa. Sun san in idonki biyu sai kin nemi ragi."

Munka yi dariya har na zauna ƙasa. Ita ta juya baya ta daɗe tana fyace hanci, wai toka ce ta shige ta. Na ƙyale ta, ba a kama ɓarawo kullum.

Sannan munka yi aiki. Ta yafa mini tsohon zanen gado ta riƙa kamawa da allurai, tana zanawa da sabulu. Dama daban, hagu daban. Da munka shimfiɗa koren zane, hannuna da kansa ya kama gefe zai ninka. Ta buge shi.

"Buɗe shi duka. Tagwaye sun ƙare."

Ban taɓa yanka zane a buɗe ba. Ya cika tabarma, na ji awa ina yanka na mutane biyu. Gaban dama munka ba shi cikarsa. Na hagu munka rage, munka ɗaga wuya, munka zurfafa hammata don kada ta taɓa tabon. Ita ta ce a bar shi sumul. Ni na ce a'a, a sako tattara daga kafaɗar hagu ta gangaro a karkace, ɗigon zanen shi taru nan awa an watsa tsaba. Ta ce ƙauyanci ne. Na ce ta jira ta gani.

Wajen gefe ta zana layi, ta ƙara yatsa uku bayansa. Na ce ɓarnar zane ce, yatsa ɗaya nake bari tun da nake.

Ta ce, "Na buɗewa ne. Badi in kin yi ƙiba."

Na ce, "Haske, an ce in koma bayan Sallah."

Ta ce, "Na ji. Na ce badi in kin yi ƙiba. Yanka."

Na yanka inda ta ce.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Keke tun safe. Tattara ta ba ni wuya, na farke sau biyu. Maɓallai a gaba, don hannu.

Asabar, 24 ga Mayu, da marece

Ta tashi. Na sa ba komi ciki sai ni. Ba ta ɓoye ba, mai ido zai ga gefe ɗaya ya fi ɗaya. Amma ta kwanta a kafaɗa, wuya ya rufe bakinsa, ba inda ke ja, ba inda ke zuba. Na ɗaga hannu, na duƙa, na juya.

Na fito tsakar gida. Malam na gyaran kalmensa na noma. Ya dube ni, wannan karon ba ƙasa ba.

Ya ce, "Ina akun?"

Na ce ya tashi.

An yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi.

Lahadi, 25 ga Mayu, bayan magariba

Ƙafafuna sun kumbura, muryata ta dishe. Alhamdu lillahi.

Na wuce injin niƙa ban tsaya ba. Na iske Haske ta janye kayanta, amma ta bar turmi biyu bisa iyaka don kada in rasa abin faɗa. Na ture su da ƙafa. Ta ce, "Ga ta nan, ba sallama." Mai robobin Bonkuku na tsaye can da buhunsa, na ce mishi sannu da jira, Allah shi ba da wani wuri.

Na kwance kaya, na zauna, na sauke mayafi bisa kafaɗar dama yadda na saba.

An kalla. Ba zan ce ba a kalla ba. Wasu sun gaishe ni da muryar gidan makoki, na amsa musu da farashi. Wata matar soja ta tsaya gabana, idonta ya sauka nan ya kasa tashi. Na bar ta ta ƙoshi, sannan na ce, "Madam, wanda kike kallo babu na sayarwa, saura ɗaya ya rage kuma da mai shi. Zanen dai akwai." Ta rufe baki, ta yi dariya, kunya ta sa ta ɗauki turmi ba ta nemi ragi ba. Kunya ma haja ce in ka san kanta.

Kafin azahar sai ga wata ta ce tattarar ga ta kafaɗa, wane tela ne? Sabon yayin Yamai ne? Na ce daga can na zo da shi, ya ci mini tsada ƙwarai. Haske ta ƙware da ruwa.

Wata Bafillata mai nono ta shafa zanen ta ce, "Mi sunansa?" Ashe na manta ban sa mishi ba. Sai Haske ta ɗaga murya daga rumfarta, yadda har masu awaki sai da sunka waiwayo:

"Sunansa Ba Ta Tafi Ba!"

Kafin la'asar ina ji ana tambayarsa da sunan daga layin masu gishiri. Ban ko tuna da ƙirjina ba sai da na zo ɗaure kaya. Saura turmi ɗaya, na hana. Wata ta yi ta magiya, na ce an riga an saya.

Nawa ne. Gobe zan shimfiɗa shi a buɗe in yanka ta tafiya Yamai, da kallabi babba, tunda Ummul ta yi zancen gashi. Tsiron Malam na bakin magudana ya kai tsawon yatsa, akuya na harinsa, na kifa mishi tsohon kwando.

Zan bar yatsa uku a gefe.